Tsabtar gari: aikin wa ne?

Falanko tana girma, haka Tanut da Balbeji. Ranar kasuwa manoma da makiyaya suna cika gari. Inda mutane suka yi yawa, ƙazanta ma tana yawa. In babu salanga, sai a zaga bayan gari. In ruwan sama ya sauko, sai ya kwashi kashi ya kai tabki da bakin rijiya. Ƙuda kuma ya ɗauka ya kai kan tuwo. Ta haka zawo da kwalara suke shiga gida. A shekarar 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 5,000 a Nijar, har da jihar Damagaram.

To, wa zai yi maganin wannan? Wasu sun ce aikin gwamnati ne. Amma gwamnati ba za ta iya shiga kowane gida ta gina salanga ba.

Ga abin da ya faru a Orangi, wata babbar unguwar talakawa a birnin Karachi na ƙasar Pakistan. Ruwan ƙazanta yana kwance a ƙofar gidajensu. A shekarar 1980 wani malami, Akhtar Hamid Khan, ya ba su shawara su raba aikin biyu. Mutanen kowane layi suka zaɓi shugabansu, suka tara kuɗi, suka yi haƙa da hannunsu, suka binne bututu. Masana suka auna musu ƙasa, suka ara musu kayan aiki. Babbar magudana kuwa aka bar wa hukuma. Dubban gidaje sun samu tsabta ta wannan hanya, da kuɗi kaɗan.

Damargu ba ta da ruwan da za a tura ƙazanta cikin bututu. Amma dabarar raba aiki za ta yi amfani a nan.

Na farko, aikin maigida. Ya haƙa salanga nesa da rijiya, kamar mita 30 ko fiye. Ƙasar rairayi tana rubzawa, don haka a ɗaure ramin da bulo. A rufe bakinsa da murfi saboda ƙuda. A ajiye buta da sabulu ko toka don wanke hannu. Ruwan wanka kuma a yi masa rami, a cika shi da duwatsu, kada ya kwarara kan hanya.

Na biyu, aikin unguwa. Mai unguwa ya tara jama'a, maza da mata, a zaɓi kwamiti. A sa ranar shara, a ware wurin juji. A yi wa tsofaffi da marasa ƙarfi gayya a haƙa musu nasu ramin. Wanda ya koyi karatu a makarantar yaƙi da jahilci, shi zai riƙe littafin kuɗi, ya karanta wa kowa abin da ya shiga da abin da ya fita.

Na uku, aikin hukumar komin: salangar kasuwa, ta tasha, ta lakwal, da manyan hanyoyin ruwa.

Wannan ba baƙon abu ba ne. A zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƴan samariya sun gina azuzuwa, sun share tituna da aikin gayya.

Gida ɗaya da ba shi da salanga ya isa ya jawo wa unguwa duka ciwo. Saboda haka a gama tun rani, kafin ruwan farko ya sauka.