Danjar da ke gane mota: Me ya sa take ƙin ba wasu hannu?

A biranen Ingila da Amurka, fitilun ba da hannu da dama ba da agogo kaɗai suke aiki ba. Ana binne waya cikin kwalta gab da layin tsayawa. Da zarar ƙarfen mota ya zo kanta, sai danjar ta san akwai mai jira.

Wannan na rage ɓata lokaci da mai a mahaɗar da babu cunkoso. Amma direban da ya tsaya nesa da layin, danjar ba ta san da shi ba, sai ya yi ta jira.

Masu babur sun fi shan wahala saboda ƙarancin ƙarfe, shi ya sa wasu jihohin Amurka suka amince musu su wuce jar fitila cikin natsuwa bayan sun jira.