Kwanso da Ƙwaya: Aikin Madubin Lantarki Wajen Auna Maganin Cututtukan Gado

Akwai cututtukan da ake haihuwar mutum da su saboda wata ƙwayar gado guda ɗaya tak ta lalace a jikinsa. Masana sun daɗe da fahimtar cewa da za a iya kai lafiyayyar ƙwayar gado cikin ƙwayoyin halittar majiyyaci, da an tumɓuke cutar tun daga saiwa. Wuyar aikin ita ce samun ɗan aike. Zaren DNA, watau sinadarin da gado ke rubuce a jikinsa, ba ya shiga ƙwayar halitta cikin sauƙi shi kaɗai, sai an ɗura shi a wani mazubi. Ɗaya daga cikin mazuban da suka fi karɓuwa shi ne kwanson wani ɗan ƙaramin bairas da ake kira AAV.

A shekarar 1965 ne Robert Atchison da abokan aikinsa a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka suka ba da labarin wannan bairas, bayan sun hango shi da madubin lantarki a gauraye cikin samfurin wani bairas da ya fi shi girma. Faɗinsa bai wuce nanomita 25 ba, ma'ana sai an jera guda 40,000 kafin su cika milimita ɗaya. An gina kwansonsa da gutsattsarin furotin 60, waɗanda suka haɗu suka ba da siffa mai fuska 20, kuma cikinsa na ɗaukar zaren DNA mai haruffa wajen 4,700. Abin da masu haɗa magani ke yi shi ne su cire gadon bairas ɗin, su sa wanda majiyyaci ke bukata a gurbinsa. Ta haka aka samu Luxturna, wanda Amurka ta amince da shi a 2017 domin wata irin makanta ta gado, da Zolgensma a 2019 domin cutar da ke shanye tsokar jarirai, da kuma Hemgenix a 2022 domin masu cutar rashin daskarewar jini.

To, amma akwai matsala tun daga wurin haɗawa. Ƙwayoyin halitta masu rai ne ake renawa a manyan tukwane su ƙera bairas ɗin, kuma kwanso suke fara ginawa, sa'an nan a tura zaren ciki ta wata 'yar kafa. Sau da yawa turawar ba ta yiwuwa. Saboda haka abin da ake kwasowa daga tukunya iri uku ne: cikakken kwanso, da fanko wanda ba kome a cikinsa, da kuma wanda ya ɗauki guntun zare kawai. Ba abin mamaki ba ne a tarar fanko ya fi yawa kafin a tace. Manomin gyaɗa yakan girgiza kwanso a kunne ya san ko da ƙwaya. A nan kuwa ba abin girgizawa, kuma bayan cikakke da na fanko kusan ɗaya ne.

Dalilin damuwa da wannan a fili yake. Da yawan zaren gado ake lissafa awon magani, amma jiki duk kwanson da aka zuba masa yake karɓa. Alal misali, awon Zolgensma zare tiriliyan 110 ne ga kowane kilo na nauyin yaro. Jariri mai kilo 5 zai karɓi tiriliyan 550 ke nan. A ɗauka rabin abin da ke cikin kwalba fanko ne, to, kwanso tiriliyan 1,100 za su shiga jininsa, rabinsu ba su ɗauke da wani amfani. Garkuwar jiki kuwa ba ta tambayar abin da ke ciki, kwanson take gani a matsayin baƙo. A wani gwaji da aka ba da rahotonsa a 2006 kan masu rashin daskarewar jini, maganin ya fara aiki, amma cikin 'yan makonni garkuwar jiki ta far wa ƙwayoyin hantar da ke nuna alamar kwanson, amfanin ya gushe. Shi ya sa hukumomin kula da magunguna ke neman a bayyana yawan cikakke da na fanko.

Madubin likita na yau da kullum, mai aiki da haske, ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200. Madubin lantarki, wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka fara ƙerawa a Balin a 1931, yana haska abu da kwararar elektiron maimakon haske, don haka yana nuna kwanso ɗai-ɗai. Hanya ta farko ta shirya samfur ita ce wadda Sydney Brenner da Robert Horne suka bayyana a 1959. Akan ɗiga samfur a kan wata 'yar raga, a jiƙa shi da gishirin ƙarfe mai nauyi, irin na yuraniyom, a bar shi ya bushe. Gishirin yana tare elektiron, sai ya fito baƙi a hoto. Cikakken kwanso yakan fito fari tas, shi kuwa fanko gishiri yakan kutsa cikinsa, sai a ga baƙin ɗigo a tsakiyarsa. Hanyar tana da sauri da araha, sai dai tana iya yaudara, domin bushewa takan lotsa kwanso, kuma ba kowane fanko gishirin ke shiga ba.

Hanya ta biyu ta samo asali daga aikin Jacques Dubochet a Haidalbag ta Jamus a farkon shekarun 1980, aikin da ya sa ya raba kyautar Nobel ta 2017 da Joachim Frank da Richard Henderson. A nan ba rini, ba busarwa. Akan tsoma ragar farat ɗaya cikin ruwan iskar itan mai tsananin sanyi, sai ruwan samfurin ya sandare kamar gilashi, kwanso ya zauna yadda yake. Hoton sai ya juye: zaren DNA da ke cunkushe shi ke fitowa da duhu, fanko kuwa ya fito kamar zobe mai farin ciki. Daga nan kwamfuta ta ƙirga dubban kwanso, ta auna duhun cikin kowanne, ta fitar da kason cikakke.

Duk da haka madubin yana da iyaka. Kwanson da ya ɗauki galibin zare yana da wuyar bambantawa da cikakke, kuma hoto ba ya faɗin ko zaren da ke ciki shi ne wanda ake nufi ko wani ɓaragurbi ne daga ƙwayar da ta ƙera shi. Bugu da ƙari, na'urar tana da tsada, tana kuma bukatar gwani. Don haka akan haɗa ta da wasu awo, kamar na'urar da ke wulwula samfur da ƙarfi har kwanso su rabu gwargwadon nauyinsu, da kuma karanta haruffan zaren kansa. Fifikon madubi a kansu shi ne, su lissafi suke bayarwa, shi kuwa abin yake nunawa, kuma gani ya kori ji. Maganin da galibi sau ɗaya ake iya bai wa mutum, tun da jiki kan gane kwanson a karo na biyu, wanda kuma kuɗin wasu nau'o'insa ya haura dala miliyan 2, ya cancanci a san abin da ke cikin kwalbarsa kafin allura ta taɓa jijiyar yaro.