Hamilton: alƙalamin da ya ɗaukaka shi, shi ya kayar da shi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe takardar dala 10 ta Amurka ya ga fuskar Alexander Hamilton, ko da bai san sunansa ba. Shi ne ministan kuɗi na farko na ƙasar, kuma a kan rayuwarsa ne Lin-Manuel Miranda ya tsara wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe da aka fara nunawa a birnin Niyok a 2015, wanda ya ci lambobin yabo na Tony har 11 a 2016.

An haifi Hamilton a tsibirin Nevis na yankin Karayib. Ubansa ya watsar da gida, uwarsa ta rasu a 1768, sai yaron ya kama aikin akawu a wani gidan fatauci, inda ya ƙware da lissafin kaya da bashi. Wata wasiƙa da ya rubuta a kan guguwar 1772 ita ta sa attajirai suka yi karo-karo suka tura shi karatu Niyok. A 1777 ya zama sakataren Janar Washington cikin yaƙin ƙwatar ƴanci daga Ingila.

Wasan ya nuna shi a matsayin mutum mai gaggawa, wanda bai iya yin shiru ba. Cikin maƙaloli 85 da aka buga don kare tsarin mulkin ƙasar, 51 nasa ne. Daga 1789 zuwa 1795 yana minista, ya sa gwamnatin tarayya ta ɗauki basussukan yaƙi na jihohi, ya tsara karɓar kuɗin duwan a tashoshin jiragen ruwa, ya kafa bankin ƙasa a 1791. Hujjarsa ita ce, ƙasar da ke biyan bashinta ba ta rasa mai ranta mata.

Amma baki shi ke yanka wuya. A 1791 ya shiga neman wata matar aure, Maria Reynolds, mijinta kuma ya riƙa karɓar kuɗin toshiyar baki a hannunsa. Da aka zarge shi da cin dukiyar baitulmali, sai a 1797 ya buga ƙasida da kansa, ya amsa laifin zina dalla-dalla don ya tabbatar da cewa bai taɓa kuɗin jama'a ba. Ya wanke sunansa a ofis, ya kunyata matarsa Eliza a idon duniya.

Harshen nasa bai bar Aaron Burr ba, wanda ya taimaka aka hana wa shugabancin ƙasa a 1801. Gabar ta kai su ga fito-na-fito da bindiga ranar 11 ga Yuli 1804 a Weehawken, kusan shekara uku bayan an harbe ɗansa Philip. Burr, mataimakin shugaban ƙasa a lokacin, ya harbe shi, ya cika washegari.

Eliza ta rayu shekara 50 bayansa. Ta tattara takardunsa, ta kuma shiga cikin matan da suka kafa gidan marayu a Niyok a 1806. Masana tarihi dai suna ganin wasan ya yi masa kwalliya a kan batun bauta, domin surukansa sun mallaki bayi, shi ma ya sa hannu cikin cinikin wasu. Duk da haka ma'aikatar kuɗin da ya gina tana aiki har yau, fiye da shekara 200 bayan girman kai ya kai shi kushewa.