Tsakar Madagaska: Kamun Daji ko Ƙyanƙyasar Gida?

A dazuzzukan Madagaska akwai wata irin tsaka mai faffaɗar wutsiya kamar ganye, wadda masana ke kira Uroplatus. Ba a samunta a ko'ina sai wannan ƙasa. Babbar, irin wadda ake gani a tsibirin Nosy Mangabe, takan kai tsawon santimita 30. Da rana sai ta lafe a jikin itace kai ƙasa, ta baza 'yar fatar da ke gefen jikinta har inuwarta ta ɓace. Ƙaramar, wadda masanin nan Boulenger ya raɗa wa suna phantasticus a 1888, ba ta fi tsawon yatsa da wani abin kirki ba, wutsiyar namijinta har da gurgurarren gefe irin na busasshen ganyen da ƙwari suka ci. Wanda ya tashi yana korar tsaka daga bakin randa zai yi mamakin jin cewa a Jamus da Amurka da Japan akwai masu zuba kuɗi su saye ta, su ware mata ɗaki. To amma kasuwa ce mai ci, kuma hajarta iri biyu ce: wadda aka kamo daga daji, da wadda aka ƙyanƙyashe a hannun makiyayi.

Abin da ke jan mai saye zuwa ga kamun daji a fili yake. Ta fi araha, kuma babba ce, ta riga ta isa haihuwa. Sai dai kafin ta iso gare shi ta sha hanya. Wani ɗan ƙauye ne ya haska ta da tocila cikin dare ya sa a jaka, ya ajiye har dillali ya zo. Dillali ya kai wa mai fitar da kaya a Antananarivo, can ma ta jira takardu da jirgi. Daga nan sai hannun mai shigo da kaya, sai kanti ko babbar kasuwar dabbobi masu jan ciki irin ta garin Hamm a Jamus. Makonni ke nan, ga cunkoso, ga zafi. Ita kuwa dabba ce da ba ta saba shan ruwa a kwano ba, ɗigon ruwan sama da raɓa take lasa a jikin ganye. Shi ya sa akasarinsu ke isowa a bushe: ido ya faɗa, gefen wutsiya ya nannaɗe, ƙashin kwankwaso ya fito. Masu kiwo wutsiyar suke fara dubawa, domin lafiyayya takan shimfiɗe ta sosai.

A nan aikin yake, kuma a nan arahar ke fara zama tsada. Sabuwar zuwa ba a sa ta cikin ƙawataccen akwatin gilashi mai shuke-shuke. Killace ta ake yi ita kaɗai wata biyu zuwa uku, a keji mai sauƙin wankewa, da takarda a ƙasa domin a riƙa ganin kashinta, da 'yan rassa da ɓawon itace da za ta lafe. A rufe gefunan kejin, a rage kai-komo a ɗakin, kada a taɓa ta sai dole. Kullum da dare a yi mata feshin ruwa mai tsawo har ta samu ta lasa, amma a bar iska ta ratsa kejin ya ɗan sha kafin feshi na gaba, don laimar da ba ta motsi ita ma cuta ce. Abinci kuwa gyare ne da ƙananan kyankyasai, kaɗan-kaɗan, a ƙirga abin da aka zuba a ƙirga abin da ya rage da safe. Gyaren da aka bari yana yawo cikin keji yakan hana ta sakat.

Sai maganar ƙwayoyin cuta. Da wuya a samu kamun daji da ba ta ɗauke da tsutsar ciki ko wasu ƙananan halittu a hanji, wani lokacin har da ƙwari masu maƙalewa a fata. A daji tana zaune da su lafiya, wahalar tafiya ce ke karya mata garkuwa su yi yawa. Masu kiwo sun rabu biyu a kan wannan. Wasu na cewa a ɗura mata magani irin su Panacur da zarar ta sauka. Wasu na cewa a bari ta sha ruwa ta fara ci tukuna, a kai kashinta wa likitan dabbobi ya duba, sannan a ba da abin da ya dace daidai nauyinta. Ni ina tare da na biyun. Dabbar da nauyinta bai wuce 'yan giram ba, ga ƙishirwa ta riga ta taɓa mata ƙoda, kuskuren ɗigo ɗaya ya isa. Abin takaicin ma shi ne, ko an yi komai daidai, wata za ta yi wata uku tana ci tana sha, sai a wayi gari ta mutu saboda lahanin da aka yi mata tun a hanya. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: Madagaska na kudu da tsakiyar duniya, daminarta daga Nuwamba ne zuwa Afrilu, don haka jikin dabbar kan ɗauki lokaci kafin ya daidaita da kalandar Turai.

Ƙyanƙyasar gida ba ta da wannan dogon labari. An san ranar da ta fito daga ƙwai, ta buɗe ido ta ga keji, ta saba da gyaren gona da sautin feshi. Tsadarta ma tana da dalili: macen ƙwai biyu take sakawa a lokaci guda cikin busassun ganye, a jira wata uku ko fiye kafin su fashe, kuma sai an ciyar da uwar da ƙananan dodon koɗi ko garin kalsiyam, in ba haka ba ƙashinta ya yi laushi. Kada dai a ɗauka haihuwar gida ta sauya mata hali. Irin na tsaunuka kamar phantasticus da sikorae suna son sanyin digiri 18 zuwa 24, kuma idan ɗaki ya daɗe sama da 28 za su iya mutuwa, ko a ina aka haife su. Wanda ke Kano ko Maradi ya tuna watan Afrilu da halin wutar lantarki, ya haƙura da kallon hoto.

Duk da haka ba zan ce kamun daji ba ta da hujja ba. Duk wata ƙyanƙyasar gida jikanyar kamun daji ce, kuma garken da aka fara da 'yan ƙalilan, aka yi ta haɗa 'yan uwa, yana buƙatar sabon jini. Ba kuma lallai haramtacciya ba ce. A taron yarjejeniyar cinikin namun daji ta duniya, CITES, da aka yi a Bankok a 2004 aka sa dukkan jinsin a rukuni na biyu, wato an yarda da ciniki amma da takardar izini, kuma Madagaska ke ƙayyade adadin da za a fitar a shekara. Ostareliya, wadda ke da nata tsakokin masu wutsiyar ganye na wani dangi daban, ta rufe ƙofar irin wannan fatauci gaba ɗaya. Haka nan ba gaskiya ba ne a ɗora wa masu kiwo dukkan laifin raguwar dabbar. Abin da ya fi cin ta shi ne sarar daji da ƙona shi don noman shinkafar tudu, wanda mutanen ƙasar ke kira tavy, da kuma yin gawayi.

Sai dai sabon jinin ma yana da sharaɗi. Har yanzu ana gano sababbin nau'o'i: a 2019 aka bayyana finaritra daga dajin Marojejy, mai kama da phantasticus amma ta fi ta girma. Kaya kuwa sau da yawa suna isowa babu bayanin dajin da aka kamo su. Makiyayin da ya haɗa mace da namiji don kawai sun yi kama, yana iya gauraya nau'i biyu bai sani ba, ya kuma sayar da 'ya'yan da sunan tsantsar iri.

Saboda haka wanda ke son tsaka ɗaya ko biyu don sha'awa ba shi da abin yi da kamun daji, ya tara kuɗinsa ya sayi ƙyanƙyasar gida a hannun wanda zai nuna masa iyayenta. Kamun daji ta dace ne da gogaggen makiyayi mai ɗakin killacewa daban, mai likitan da ya san dabbobi masu jan ciki, wanda zai nemi takardar CITES da sunan yankin da aka kamo ta kafin ya tambayi farashi.