Raunin Gwanin Ɗan Dambe Idan Ya Hau Ajin Masu Nauyi

A damben boksin na ƙwararru, kowane aji yana da iyakar nauyin da ɗan dambe ba zai wuce ba ranar awo, in ban da aji ɗaya. A al'adance ajin masu nauyi yana farawa daga sama da kilo 90.7, kuma ba a yanka masa iyaka ta sama ba. Mai kilo 95 ana iya haɗa shi da mai kilo 120, doka ba ta hana ba. A ƙananan azuzuwa, abin da ke raba wani aji da na gaba da shi bai kai kilo huɗu ba, shi ya sa gwani kan hau biyu ko uku ba tare da ya ji a jikinsa ba. Hawa ajin masu nauyi kuwa wani abu ne dabam. Duk da haka zakarun ajin kilo 79 da na kilo 90 ba su fasa gwada sa'arsu ba, domin a can kuɗi da suna suke.

Abin da ya fi saurin yaudarar mai hawa shi ne ƙarfin hannunsa. Bob Foster na Amurka yana cikin waɗanda suka fi kowa zafin naushi a tarihin ajin kilo 79. Shi ne ya kwantar da Dick Tiger na Najeriya da bugun kwaf ɗaya a turmi na huɗu, a 1968. Amma da ya hau ajin masu nauyi ya tari Joe Frazier a 1970, bai wuce turmi na biyu ba. Bayan shekara biyu ya kara da Muhammad Ali, ya fasa masa gira, shi kuma ya sha ƙasa sau bakwai kafin a gama da shi a turmi na takwas. Naushin nan da ke sumar da tsararrakinsa bai hana manya matsowa ba. Ƙato yana da kaurin wuya da faɗin kafaɗa da ke shanye duka, kuma da zarar ya ɗanɗana naushin ya ji ba abin tsoro ba ne, sai ya daina ja da baya. Daga nan gwani ya rasa abin da yake tsare kansa da shi.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, dukan da zai sha ya ƙaru, alhali haɓarsa tana nan yadda Allah ya halicce ta. Atisaye yana ƙara tsoka, amma ba ya ƙara wa kai juriya yadda za a dogara da ita. Saboda haka kuskuren da ake yafe masa a ƙasa, a nan shi ne ƙarshen wasa. A 1941 Billy Conn, wanda bai wuce kilo 79 ba, ya yi turmi goma sha biyu yana wahalar da Joe Louis da zafin nama, har yana gaba a makin alƙalai biyu. Sai ya yi kwaɗayin kisa, ya tsaya musayar naushi a turmi na goma sha uku, Louis ya kwantar da shi. Michael Spinks, wanda shi ma daga ƙasa ya hau, ya ƙwace kambu daga hannun Larry Holmes a 1985 da dabara zalla, amma a 1988 daƙiƙa 91 kacal ya yi a gaban Mike Tyson.

Akwai wani rauni da 'yan kallo ba su cika lura da shi ba, wato nauyin jiki a lokacin rungumar juna. Babban mutum kan kwantar da ƙirjinsa a kan ƙarami, ya danne masa wuya, ya bar shi ya ɗauke shi kamar buhun hatsi har sai alƙalin wasa ya raba. Kowace runguma tana cin ƙafafu, kuma ƙafafun nan su ne jarin gwani. Karawar Steve Cunningham da Tyson Fury a birnin New York a 2013 ta nuna wannan ƙarara. Cunningham, tsohon zakaran ajin kilo 90, ya kai Fury ƙasa a turmi na biyu. Fury ya tashi, ya koma jingina da danniya da fifikon kusan kilo 20 da yake da shi, har ƙafafun Cunningham suka mutu, aka kashe shi a turmi na bakwai. A wannan dare Cunningham ya fi iya dambe, amma hakan bai cece shi ba.

Tsawo da dogon hannu su ma suna da nasu. Gajere dole ya ratsa naushin hannun gaba kafin ya taɓa abokin karawarsa, kuma kowace shiga tana da farashi. David Haye na Ingila, wanda shi ma daga ƙasa ya hau, ya yi nasara a kan Nikolai Valuev a 2009 da buga-ka-gudu, duk da ratar da ta haura kilo 40, domin Valuev ba shi da sauri. Da ya gamu da dogon da ya iya dambe, Wladimir Klitschko, a Jamus a 2011, ya kasa kusantarsa, ya faɗi da maki mai nisa. Daga baya ya ɗora laifin a kan karyewar ɗan yatsan ƙafa, uzurin da bai gamsar da kowa ba.

Sai matsalar ƙara nauyin kanta. In gwani ya hau da jikinsa na da, za a ture shi. In ya tara tsoka da yawa, sauri ya ragu, numfashi ya riƙa ƙarewa da wuri, ya sayar da abin da ya kai shi can. Komawa ƙasa ma ba ta da sauƙi. Roy Jones Jr. ya doke John Ruiz a 2003 yana da kilo 88 kawai, ya karɓi kambun masu nauyi na hukumar WBA. Da ya sauke tsokar ya koma kilo 79, da ƙyar ya tsira a hannun Antonio Tarver, sannan a 2004 Tarver ya kashe shi a turmi na biyu, Glen Johnson kuma a na tara. Masana da yawa suna danganta faɗuwar tasa da wannan hawa da sauka, ko da yake shekaru ma sun fara kama shi.

Oleksandr Usyk na Yukren shi ne hujjar masu cewa gwaninta ta isa. Ya haɗa kambuna huɗu na ajin kilo 90 a 2018, ya doke Anthony Joshua a Landan a 2021 da kuma Jidda a 2022, ya doke Fury sau biyu a Riyadh a 2024. To amma ko shi, an ga inda ake kama shi. Derek Chisora ya takura masa da ƙarfi da turereniya a farkon karawarsu ta 2020. Joshua ya jigata shi da dukan ciki a turmi na tara a Jidda. Dukan Daniel Dubois da ya durƙusar da shi a 2023 an yanke cewa ya sauka ƙasa da ɗamara, kuma har yau ana gardama a kai. Dabarar abokan karawarsa ɗaya ce: tunda kan ba ya tsayawa wuri ɗaya, a nemi ciki da haƙarƙari.

Abin da ya fisshe shi ba gwaninta kaɗai ba ce. Tsawonsa mita 1.91 ne, wato tun asali yana da ƙirar manya. Bahago ne, ga numfashin turmi goma sha biyu, kuma bai yi gaggawa ba: ya yi karawa biyu a sabon ajin, ya tsaya a wajajen kilo 100, kafin ya nemi kambu. Evander Holyfield ma sai da ya yi shekara biyu yana gwada jikinsa da manya kafin ya kashe Buster Douglas a 1990, kuma duk da haka Riddick Bowe, wanda ya fi shi da kusan kilo 14, ya ci shi sau biyu cikin karawa uku.

Girman ratar nauyi tsakanin masu hawa da manya ne ya sa hukumar WBC ta ƙirƙiro sabon aji mai iyakar kilo 101.6 a 2020, ko da yake bai samu karɓuwa sosai ba. Tun daga 1979 da aka kafa ajin da iyakarsa ta koma kilo 90 daga baya, mutum biyu ne kawai suka haɗa dukkan manyan kambunansa sannan suka haɗa na masu nauyi: Holyfield a 1990, sai Usyk a 2024.