Hoto Ɗaya Tak a Kowace Rana

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma yau sai ku yi mana uzuri, domin zancen hoto za mu yi a rediyo, inda ba mu da abin nuna muku sai fatar baki. Zancen kuwa na wata ɗabi'a ce da wasu mutane suka ɗora wa kansu, ba wanda ya sa su, ba wanda ke biyan su: ɗaukar hoto guda ɗaya a kowace rana ta Allah, ko da lafiya ko babu, ko da abin kallo ko babu. Ga wanda wayarsa ta cika da hotuna har tana kukan wuri ya ƙare, abin zai yi masa kama da wasan yara. Mu dai a ganinmu aiki ne mai daraja, kuma darajarsa tana cikin jerin hotunan da kwanan watan da ke jikin kowannensu, ko da babu guda ɗaya da ya isa a rataya a bango.

Bari mu fara da wani Ba'amurke mai suna Jamie Livingston. Ranar 31 ga Maris, 1979, yana ɗalibi a Kwalejin Bard da ke jihar New York, ya ɗauki hoto da kyamarar Polaroid, irin wadda ke tofo hoton nan take, ka riƙe shi a hannu kana kallon fuskoki suna fitowa a hankali a kan farar takarda. Washegari ya sake ɗaukar wani, jibi ma haka, kuma bai daina ba har shekara 18. Irin wannan kyamara ba ta da maɓallin gogewa, abin da ya fito shi ke nan, sai a rubuta kwanan wata a ajiye. Yawancin hotunan ba su da wani abin a zo a gani: abokai a kan tebur, allon talabijin, titi, kayan kiɗa. Amma wanda ya bi jerin har zuwa 1997 zai ga abin ya sauya. Sai ga gadon asibiti, ga ɗinki a fatar kai, ga gashi ya zube saboda maganin ciwon daji. A farkon Oktoba sai ga zoben aure, bayan kwana biyu ga hoton ɗaurin auren. Hoto na ƙarshe an ɗauke shi ne ranar 25 ga Oktoba, 1997, ranar da ya cika shekara 41, kuma ranar da ya mutu. Bayan shekara goma, abokansa Hugh Crawford da Betsy Reid suka baje hotunan, sama da 6,000, a kwalejin da ya fara ɗaukar su, a jikin bango mai tsawon ƙafa kusan 120.

Da a ce Livingston ya tsaya jiran manyan ranaku kafin ya ɗaga kyamara, da abin da ya bari bai wuce kundin biki irin wanda ke kowane gida ba. Hoton zoben nan yana taɓa zuciya ne saboda dubban ranakun da suka gabace shi, waɗanda babu komai a cikinsu. Dalili kuwa, idon ɗan Adam ba ya ganin sauyin da ke tafiya sannu-sannu. Uwa ba ta ganin girman ɗanta, sai baƙuwar da ta shekara ba ta zo ba ce za ta riƙe baki ta ce, "Kai, yaron nan har ya kai haka?" Wani malamin hoto a Boston, Karl Baden, ya gina aikinsa kacokan a kan wannan. Tun daga 23 ga Fabrairu, 1987 yake ɗaukar fuskarsa kullum, a gaban bango iri ɗaya, da haske iri ɗaya, ba murmushi ba ɗaure fuska. Ka ɗora hoton jiya kusa da na yau, ba za ka ga bambanci ba. Ka jera na shekara talatin, sai ka ga tsufa yana tahowa kamar inuwar la'asar. Yau da gobe, in ji masu iya magana, ba ta bar komai ba, kuma wannan aiki shi ne hanyar kama ta tana cikin yi.

Mu duba abin da mu kanmu muke ɗauka. Biki, suna, kwalliyar Sallah, hawan daba, ranar kammala makaranta, wato ranakun da ko ba hoto ba za a manta da su ba. Abin da ke ɓacewa ba shaida shi ne na kullum. A watan Janairun 2013 aka hana sana'ar acaɓa a birnin Kano, kuma cikin ɗan lokaci 'yan adaidaita sahu suka cika titunan. Mutum nawa ne yau zai iya fito da hoton layinsu na wata safiyar Talata kafin wannan hani, ga 'yan acaɓa sun yi cincirindo a bakin mahaɗa, ga mai shayi da tulin burodinsa, ga mai ƙosai tana fifita wuta? Ba wanda ya ɗauka, don a lokacin ba wanda ya ga abin ɗauka. Marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, shahararren mai hoton nan ɗan Najeriya, ya fahimci wannan tun 1968, lokacin da ya fara ɗaukar salon kitson mata. Nasa ba na kullum ba ne, amma haƙurin iri ɗaya ne, ya tara hotuna kusan dubu na abin da kowa ke gani a kasuwa ba ya waiwaya. Yau a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya ake kallon su.

To, akwai masu ja, kuma hujjarsu ta fi ƙarfi inda suka ce yawan ɗaukar hoto yana kashe tunani. Ba su yi ƙarya ba. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Fairfield ta Amurka, Linda Henkel, ta zaga da ɗalibai gidan adana kayan fasaha, ta ce wasu abubuwan su ɗauke su a hoto, wasu kuma su kalla kawai. Washegari da aka tambaye su, sai ya zamana sun fi tuna waɗanda suka kalla da ido. Kamar dai mutum ya damƙa wa kyamara amanar tunawa ne ya juya baya. Sai dai binciken, wanda aka buga a 2014, yana da kashi na biyu da masu kafa hujja da shi kan tsallake: inda aka ce ɗalibi ya matso da kyamara ya ɗauki wani sashe na abin, tunaninsa bai ragu ba, har sassan da ba su shiga hoton ba yana tuna su. Ashe laifin na ɗauka barkatai ne. Wanda ya san guda ɗaya ne rabonsa a yini, dole ya yi ta dube-dube tun safe, yana auna wannan da wancan, kuma wannan aunawar ita ce kallon da ake cewa kyamara ta hana.

Wasu kuma za su ce ai son nuna kai ne, irin na masu hoton ɗauki-da-kanka a Facebook da Instagram. Amsar a taƙaice take: Livingston ya yi nasa ya gama babu mai danna masa alamar so, a akwati hotunan suke. Ba sharaɗi ba ne a wallafa, ba kuma sharaɗi ba ne fuska ta fito. Wannan ya sauƙaƙa wa wanda ke da damuwa ta addini game da hoton abu mai rai, mas'alar da malamai suka yi saɓani a kanta: ga bishiyar ƙofar gida, ga gona daga shuka zuwa girbi, ga sararin sama daga hazon hunturu zuwa hadarin damina. Abin da ba mu da amsar kare shi shi ne ɗaukar mutane ba da izininsu ba. Matar wani, 'yar wani, almajiri da ƙoƙonsa, mara lafiya a kwance, ba kayan cike gurbin ranar da ka rasa abin ɗauka ba ne. A nemi izini, in an hana a haƙura. Wuraren jami'an tsaro kuwa, kowa ya san ba a wasa da kyamara a nan.

Saura gajiya, wadda ita ce ke kashe yawancin masu farawa. Bayan mako uku mutum zai ga ya ɗauke duk abin da ke gidansu, sai wata rana ya manta, sai ya ce tunda jerin ya tsinke shi ke nan. Baden kansa ya taɓa tsallake rana guda, 15 ga Oktoba, 1991, washegari ya ci gaba abinsa. Babbar barazanar ma ba mantuwa ba ce, ajiya ce. Hotunan Livingston sun rayu saboda takarda ce ana iya riƙe ta, kuma ya bar abokai masu riƙon amana. Namu suna cikin wayar da za a iya fizgewa a kasuwa, ko ta faɗa ruwa, ko memori ya lalace a tafi da shekara biyar a dare ɗaya.

Don haka mai sauraro, in ka yi niyya, kada ka jira sabuwar shekara ko sabuwar waya. Gobe da safe ka tsaya a ƙofar gidanku ka ɗauki guda ɗaya, ka tabbata kwanan watan wayar daidai yake. Ƙarshen kowane wata ka kwafe su zuwa wani wuri na biyu, in da hali ka kai wa mai hoto ya wanke maka ko da biyar ne, ka rubuta rana da wuri a bayansu.