IN BATIRIN KEKENKA YA RAGE ƘARFI

Batiri shi ne abu mafi tsada a jikin keke mai lantarki. Don haka in kekenka ya fara mutuwa a rabin hanyar kasuwa, kada ka yi saurin zargin mai kanti. Fara bincike tukuna.

Cika batirin, ka kai wa mai gyaran rediyo shi auna. Batiri mai bolti 36, in ya cika, awo zai nuna wajen 42. Mai bolti 48 kuwa, wajen 54. In awo ya gaza, a auna caja, domin wani lokaci ita ce mai laifi. In batiri ya kumbura ko yana zafi ƙwarai, fitar da shi daga ɗaki, yana iya kama wuta.

In laifin batiri ya tabbata, rubuta awon da ranar. Tafi da takardar saye da shaida guda, tun wa'adin garanti bai ƙare ba. Kada ka buɗe batirin, mai kanti zai ce kai ka ɓata shi. Duk alkawarin canji, a sa shi a takarda.